Ka Bar Mini Fadamar Katagum

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda aka tura ka, Ya tsare ka daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mu nan Azare lafiya lau, ƙannenka duk suna gaishe ka.

Ranar da muka raka ka tasha ban ce maka komai ba sai Allah Ya kiyaye hanya. Ka san ɗan fari ba a sakin baki da shi a gaban mutane. Na ga kana ta leƙowa ta tagar mota kana jiran in ƙara wani abu, ni kuma na kau da kai. Na dawo gida maganar tana cina. An ce gandun dajin da aka kai ka aiki can cikin duwatsu yake, wayar salular nan ba ta kamawa, shi ya sa na ɗauko biro. Ka yi haƙuri da tsawonta. Malamar makaranta idan ta fara bayani ba ta san gajartawa ba.

Na san abin da ka tafi da shi a zuciya. Kana tsoron da ka juya baya Baffanka Alhaji Idi zai sa a sare itatuwan fadamarmu ta Katagum, a cike gefen tafki, a shuka albasa. Ƙanwarka Ummi ta gaya mini har ka ce mata idan abin ya taso za ka ajiye aikin ka dawo. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara daga farko, domin akwai abubuwan da suka faru kana ƙarami, wasu kuma kana makaranta, ba ka san yadda suka gudana ba.

Lokacin da na fara koyarwa a firamare, duk damina akan kawo mana 'ya'yan darbejiya a leda, a ce ranar dashe ta zo. Ni ce mai kula da abin a makarantarmu, kuma ina jin daɗinsa ƙwarai. Yara su yi layi da fararen kaya, manya su zo da motoci, a dasa, a zuba ruwa, a tafa. Washegari in rubuta cewa mun dasa kaza, a kai ofis, a yaba mini. Daga nan hutu ya zo. Kafin mu dawo awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. Wata daminar sai mu sake haƙa rami a daidai inda muka haƙa bara. Shekaru na yi a haka ina ganin aiki nake yi.

Wata rana mahaifinka ya biyo ta makaranta zai ɗauke ni a keke. Ya tsaya yana duban filin, sai ya ce, “Malama, ina itatuwanku na bara?”

Na ce, “Ai an dasa su.”

Ya ce, “Na ji an dasa. Ina suke?”

Na duba filin, ko ɗaya babu. Shekarar da ta biyo na karɓi kaɗan, na raba wa yara, kowa da nasa, kowa ya kewaye shi da ƙaya, ya riƙa zuwa da ruwa a gwangwani ko ana hutu. A takarda abin ya yi ƙasa sosai, har aka tambaye ni ko lafiya. Amma inuwar da ka zauna ka ci abincin tara a makarantar nan, daga wannan shekarar ta fito.

Abba, a wurin aikinka za a yanka muku adadi, a ce ku dasa kaza, ku kewaye fili kaza, kafin shekara kaza. Ba laifi ba ne, aiki yana son ma'auni. Amma duk abin da ka sa hannu ka ce an yi, ka koma da ƙafarka bayan rani ya wuce ka duba ko yana nan.

Mahaifinka tela ne a kasuwar Azare, amma zuciyarsa tana Katagum. Da an yi ruwan shuka zai rufe shago ya tafi. Gonar gado ce, tasu shi da ƙanensa Idi, ba a taɓa raba ta ba: tudu a sama inda ake gero da wake, fadama a ƙasa, da tafkin da kogi ke cikawa idan ya yi ambaliya. Bayan shekarun farin nan da ka ji ana labari, wurin ya zama fili fetal. An sare manyan itatuwa an sayar, an ci. Ba na zargin kowa, yunwa ce. Abin da ya rage kututture ne, masu fitar da toho duk shekara, a sassabe su, a ƙone.

Sai Malam, mahaifinka, ya daina sassabe su. A kowane kututture yakan zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya rage sauran, ya ɗaura wa wanda ya bari tsumman yadi daga shagonsa don kada masu noma su sare. Gonarmu ta cika da tsummoki ja da kore. Mutane suna wucewa suna dariya, suna cewa tela ya zo yi wa gona ɗinki. Ni ma ban goyi bayansa ba. Kai kana goye, abinci yana wuya, ina ganin kowane taku na ƙasa gero ya kamata ya ci.

Na ce masa, “Malam, tsuntsaye za ka tara mana su cinye ɗan abin da muka samu.”

Ya ce, “Za su ci, mu ma za mu ci.”

Na ce, “Yaushe?”

Ya yi dariya ya ce, “Kin faye sauri, Malama. Yaran da kike koya wa baƙi, ranar da suka shigo suke karanta wasiƙa?”

Na daɗe ina ƙorafi kafin idona ya gane mini. Gawon da ya bari yakan zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, kuma geron ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kauri. Kalgo da sabara suka riƙe ƙasa, iska ta daina binne shuka. Na daina sayen itacen girki, rassan da ake ragewa sun ishe mu. Ba a shekara ɗaya aka ga haka ba. Kai da ka fara wayo ka tarar da inuwa, ka ɗauka haka wurin yake tun asali.

Na gaya maka wannan ne domin na san jinina ke jikinka. Mu masu gaggawa ne. Za ka je ƙauye ka yi bayani mai kyau, ka koma ka tarar ba abin da ya canja, ranka ya ɓaci. Ka tuna ni matarsa ce, muna ci a akushi ɗaya, amma sai da na ɗauki shekaru kafin in yarda. Kada ka yanke wa baƙo hukunci a zama ɗaya.

Akwai abin da Malam yake jira wanda bai cika faɗa ba. Yana yaro, gauraka na kwana a bakin tafkin nan, su yi sheƙa a cikin ciyawa da damina. Yakan kwaikwayi kukansu ya ba ku dariya, ko ka tuna? Fari ya kore su, masu kamawa su kai gidajen masu hali suka ƙarasa sauran. Shi ya sa ya hana a nome bakin ruwa, ya bar ciyawa da bado yadda suke. Yakan zauna gindin tsamiyar da ke yamma da tafki bayan la'asar, yana duban sama. Idan na ce me ake kallo, sai ya ce, “Baƙi nake jira.” Har Allah Ya karɓi ransa ba su zo ba.

Bayan rasuwarsa, kana can makarantar koyon aikin gandun daji, sai na ɗauki wurin kamar amanar da za a ƙwace mini. Na sa aka saro ƙaya aka kewaye tafkin gaba ɗaya. A ganina na kare shi ke nan. Ban tsaya na yi tunanin cewa shanun rugar Ardo Buba, makiyayin da ke zaune gabas da gonarmu, a nan suke shan ruwa da rani tun kafin a kawo ni gidan ba.

Matarsa Fatu ƙawata ce. Duk ranar kasuwa takan biyo da nono, mu zauna mu yi ta hira da Fillanci. Ranar da kuka yi rashin uba, ita ta kwana uku tana dama wa masu zaman makoki fura. Bayan shingen nan sai ta daina zuwa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta aiko da magana ba. Idan mun haɗu a hanya ta gaishe ni da Hausa, kamar baƙuwa, ta wuce. Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo.

Tafkin kuma bai gode mini ba. Da shanu suka daina taka bakinsa suna cin ciyawar, sai kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta samu wuri. Ta taso daga gefe ta yi ta ci har ta kusa rufe ruwan. Agwagin ruwa suka rasa inda za su sauka. Tsuntsayen jan baki masu cin hatsi kuwa suka samu masauki, suka addabi gonakin maƙwabta, har aka fara kai ƙarata wurin mai unguwa. Na je da rani na tsaya a bakin shingen da na yi da hannuna, ban ga ruwa ba sai kacala ta fi ni tsawo. A nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Daga nan rugar na wuce. Na tarar da Fatu tana gyaran ƙore. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba.

Na ce, “Fatu, tafki ya lalace.”

Ta ce, “Mun gani.”

Na ce, “Me ya sa ba ki gaya mini ba?”

Ta ce, “Ba ki tambaya ba, Malama. Kin yi shinge. Mun ce mai takaba ce, a bar ta da zafinta.”

Da Ardo ya dawo muka zauna. Shi ya ce a buɗe mashaya ta gabas, shanu su riƙa shiga da rani, da damina kuma idan tsuntsaye sun fara sheƙa shi da kansa zai hana yaransa kusantar wurin. Ni kuma na ce karan gero da harawar tudu nasu ne bayan girbi, su kwana a gonar su bar mana taki. Matasan rugar da na unguwa suka shiga ruwa da lauje suka yi ta yankan kacala, aikin da ya ci rani biyu, kuma har yau ba a gama da ita ba, sai dai a riƙa binta. A ranar nan da na je rugar, da zan tafi Fatu ta rako ni har bakin burtali, ta ce da ni da Fillanci in gaida yara. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba.

Ɗana, za a ba ka kaki da iko. Za ka tarar da mutanen da kakanninsu ke shiga dajin nan tun ba a san za a shata masa iyaka ba: masu kiwo, masu zuma, tsofaffi masu neman saiwa, mata masu itace. Kafin ka ce kada a shiga, ka zauna a tabarmarsu ka sha ruwansu, ka tambaye su yadda wurin yake da. Akwai wanda dole ka hana, kamar mai kashe dabba don sayarwa da mai cinna wa daji wuta, kuma kada ka ji tsoron hana shi. Amma na ga ranar da ka ƙwace gatarin tsohuwar nan da ka kama tana saran marke a gonarmu. Da gaskiyarka, itacen ɗanye ne. Sai dai ni na mayar mata da gatarin da yamma, na kuma ga tukunyar da ke jiran itacen. Idan ka hana mutum abu, kada ka bar wurin sai ka nuna masa inda zai samu madadinsa.

Yanzu bari in gaya maka inda aka kwana, tsakani da Allah, yadda nake so kai ma ka riƙa rubuta rahotonka. Ruwan tafki yana kaiwa bazara bai ƙafe ba. Kirinjijiya, agwagin ruwan nan, sun dawo da yawa, da safe har ba ka jin maganar na kusa da kai. Zalɓe yana nan, shamuwa ta yi sheƙa a kan kukar tudu. An ga guza, an ga sawun gada sau da dama a wajen sabara. Maƙwabta biyu sun fara barin toho a gonakinsu, ɗaya ma har da ɗaura tsumma. Wannan shi ne abin da aka samu. Abin da ba a samu ba: kacala tana nan tana jiran mu yi sakaci, zaizayar bakin kogi ta ci mana gefe guda, gauraka kuma ba su dawo ba. Fatu ta ce ta ji kukansu bara suna wucewa ta sama, amma ba ta gan su ba, ni kuma ba zan rubuta abin da ba a gani ba. Wataƙila su zo a zamaninka. Wataƙila sai a na 'ya'yanka. Mahaifinka bai yi asara ba don bai gan su ba.

Idan manyanka sun so ka ƙara gishiri don takarda ta yi kyau, ka ba su haƙuri cikin ladabi. Wanda zai zo bayanka da abin da ka rubuta zai yi aiki.

To, ga maganar Baffanka. Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga motar Katagum na same shi. Kada ka riƙe shi a zuciya, Abba. Ba mugu ba ne. Gidansa cike yake da baki, kasuwar hatsi ta juya masa baya, yana ganin maƙwabta suna fitar da albasa da injin ban ruwa, shi kuma yana da haƙƙi a ƙasar nan daidai da na mahaifinku. Shekara da shekaru ya yi shiru saboda kunyar yayansa, bayan rasuwa kuma saboda kunyata.

Na ce mu je gonar tare. Muka zaga tudu, muka gangara fadama. Da muka iso tafki ya tsaya yana kallon tsuntsaye, can ya ce, “Yaya ya iya taurin kai.”

Na ce, “Ya iya.”

Ya ce, “Malama, ni ba na son a ce na rushe abin da ya gina. Amma yara ba sa cin kukan tsuntsu.”

Na ce, “Gaskiya ne, Alhaji. Faɗi abin da zai ishe ka.”

Ya nuna yamma. Nan ne ƙasa ta fi kyau, nan ne kuma ruwa ya fi kusa. Ka san abin da ke yamma. Amma na riga na yi istihara kafin in fito. Na ce ya ɗauka. Muka yi magana a gaban mai unguwa da Ardo: zai ja ruwa daga rijiyar da zai haƙa, ba daga tafki ba, ba zai yi feshin magani kusa da ruwa ba, bakin tafki da mashaya da burtali suna nan yadda suke, ba mai taɓa su. Ƙananan itatuwan yamma za su tafi, ciki har da waɗanda Malam ya ɗaura wa tsumma da hannunsa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafin wannan.

Da muka zo kan tsamiya, ban roƙe shi ba, domin na riga na ba shi wurin. Shi ya dafa ta ya ce, “Wannan kuwa ko inuwarta za ta hana albasa, ba mai sa mata gatari ina raye. Nan nake samunsa idan na zo nemansa.” Ya juya mana baya ya daɗe yana gyara hula.

Na san za ka ce an yi hasara. An yi. Amma da na riƙe duka, da ranar da na mutu za a sare duka, kuma ku da 'ya'yan Baffanku ba za ku ƙara haɗa akushi ba. Yanzu shi ma mai tsaron wurin ne. Kai ma a can wani lokaci za ka bayar da gefe don tsakiya ta tsira. Ka dai san tun da wuri abin da ba ka bayarwa ko ana ha maza ha mata.

Saura magana ɗaya. Takardar ritayata ta fito. Idan Ummi ta gama jarrabawa zan koma Katagum da zama, ɗakin kakarka yana nan, an gyara rufin. Na gaji da aika saƙo ta bakin direba ina tambayar yadda ruwa yake. Ina so in riƙa gani da idona, in yi hira da Fatu ba sai ranar kasuwa ba.

Saboda haka kada ka dawo saboda fadama, kada kuma ka dawo saboda ni. Na san tun rasuwar Malam kake ganin kai ne bangon gidan nan, kuma ka riƙe mu yadda ya kamata, Allah Ya yi maka albarka. Amma dajin da aka ba ka ya fi gonarmu girma nesa ba kusa ba, kuma yana bukatar mutum irinka. Na yafe maka nisan. Ka zauna ka yi aikinka da zuciya ɗaya. Idan hutu ya zo ka zo, idan bai zo ba ka rubuto.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana tsakiyar daji. Ka riƙa kwana cikin gidan sauro, an ce ƙasar akwai zazzaɓi. Kada ka shiga ciyawa ba ka duba inda za ka taka ba. Ka girmama tsofaffin ma'aikatan da ka tarar, ko takardarka ta fi tasu. Na haɗo maka garin kuka da yaji da 'yar dakuwa, ka raba da abokan zama, kada ka ci kai kaɗai.

Ummi ta so ta tattara kayanka na gona ta ba almajiran ɗinkin mahaifinka, na ce ta bayar da komai ban da takalmanka na roba na shiga ruwa. Na gwada su jiya, sun yi mini yawa, sai na cusa tsumma a gaba. Da su zan riƙa shiga yankan kacala. Ta yi ta dariya, ta ce in bari ka dawo ka gani. Na ce a'a, gara dai ya ji labari.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka gama da mutane lafiya, Ya ba ka haƙurin mahaifinka, Ya jiƙansa da rahama. Allah Ya sa idan muka sake haɗuwa mu haɗu cikin alheri. Na ba Allah ajiyarka.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna